Tarihin Dalma Da Gidajen Da Ta Cinye

Tun zamanin kakanninmu an san akwai gidan da ba a zamansa lafiya. A kan ga gida, gininsa mai kyau, rijiyarsa ba ta ƙafewa, amma ciwo ba ya ƙarewa a cikinsa. Wannan yaro ya kwanta, kafin ya tashi ƙanensa ya kwanta. Matar gida ta haihu, ɗan bai kai yaye ba ya koma. In aka ɗauki majinyaci aka kai shi gidan kakanninsa a wani gari sai ya murmure, har ya yi ƙiba. Ran da aka komo da shi kuwa, ba a yin wata guda sai ciwo ya komo sabo. Daga nan sai zance ya tashi a unguwa. Waɗansu su ce bisa hanyar aljannu aka gina gidan, waɗansu su ce an binne sammu a bakin zaure, waɗansu kuma su ɗora wa wata tsohuwa maita, alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Abin da dattawa kan yanke a ƙarshe shi ne mai gida ya tashi ya sake mazauni. Sau da yawa kuwa in ya tashi sai a ga sauƙi.

Ni a ganina dattawan nan sun lura da gaskiya, watau ciwon yana tare da gidan. Sunan abin ne kaɗai ya ɓace musu. Abubuwan da kan zauna cikin gida su riƙa cutar mutanensa suna da yawa: rijiyar da aka haƙa dab da masai, hayaƙin itace a ɗakin da ba taga, laimar da ke sa bango ya yi fumfuna, kwatamin da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Ko wanne yana da nasa labari. Amma guda ɗaya na zaɓa in ba da tarihinta, ita ce dalma, domin labarinta a rubuce ya ke, da shekaru da sunayen garuruwa da yawan waɗanda suka rasu, mafi munin labarin kuma a ƙasarmu ya auku.

Dalma ƙarfe ce mai nauyi, mai taushi, ba ta tsatsa, wuta kaɗan ke narka ta. Maharba sun san ta a harsashi, masunta kan ɗaura ta a bakin taru don ya nutse. Sauƙin aikinta shi ya sa mutane suka jawo ta cikin gidajensu tun da daɗewa. Amma jikin ɗan Adam ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan. In ta shiga ciki sai ta bi jini, ta je ta kwanta cikin ƙashi, ta yi shekaru a can. Babba in ya haɗiye ta, wajen kashi ɗaya cikin goma ke shiga jininsa, saura ya fita. Yaro ƙarami kuwa jikinsa kan tsotse kusan rabi, balle in yana jin yunwa ko yana da ƙarancin jini. A jikin babba ta kan kawo murɗar ciki mai tsanani, ciki ya ɗaure, mutum ya ɗashe, wani hannunsa ya saki daga wuyan hannu, wani kuma a ga wani layi shuɗi-shuɗi a dasashinsa. A jikin yaro ƙwaƙwalwa ta ke nufa. Sai amai, da kasala, da taune-taune, da suma. Wanda ya tsira ma ya kan tashi da makanta, ko kurumta, ko dakushewar basira. Ka ga duk cikin alamun nan babu wadda wata cuta ba ta kawo irinta, don haka ne ta ke daɗewa a gida ba a gane ta ba.

Rumawa su ne suka fara yawaita ta. Da ita su ke ƙera bututun da ke kai ruwa gidajensu, a tukunyarta kuma su ke dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar maɗi. A zamanin Kaisar Agusta, dab da haihuwar Annabi Isa alaihissalamu, wani gwanin gini mai suna Vitruvius ya rubuta littafi bisa sana'arsa, ya ba da shawara a riƙa jan ruwa da bututun yumɓu. Hujjarsa ita ce ya dubi maƙeran dalma ya ga duk sun ɗashe. Ba a bi maganarsa ba.

Mu tsallake ƙarnuka da yawa mu zo 1848. A cikin watan Fabrairu na shekaran nan mutanen Faris suka yi wa sarkinsu Luwi Filib tawaye, ya gudu Ingila da iyalinsa. Aka sauke su a wani babban gida mai suna Claremont, kudu maso yamma da Landan. Ba su yi watanni da yawa ba sai ciwon ciki ya kama mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, har da 'ya'yan sarki. A yi magani, a ga kamar an sami sauƙi, sai ya komo. Likitansu, wani Bafaranshe mai suna Guéneau de Mussy, ya dubi dasashinsu, ya ga layin nan, sai ya sa aka auna ruwan da su ke sha. Ashe ruwan ta cikin bututu da tankin dalma ya ke biyowa, yana lasar ta yana kawo musu. Cikin mutum 38 da ke zaune a gidan, 13 suka kamu. Aka kwashe su aka kai su masauki a garin Richmond har aka gyara hanyar ruwan. Gidan sarki ne, shi ya sa aka sami mai auna ruwa. Allah kaɗai ya san yawan gidajen talakawan Ingila da suka sha irin wannan ruwa aka ce ajali ne kawai.

Inda aka fara gane abin sosai ga yara shi ne birnin Birisben, a lardin Kwinsland na ƙasar Ostareliya. Ƙasa ce mai zafi, gidajensu na katako ne, a ɗage bisa dirkoki, da baranda mai faɗi kewaye da su, inda yara ke wuni suna wasa. A 1892 likitocin asibitin yara na birnin suka ba da labarin waɗansu yara da ke zuwa musu da murɗar ciki da shanyewar ƙafa, waɗansu kuma idonsu na mutuwa. Sun gane dalma ce, amma ba su san ta inda ta ke shiga ba. Ɗaya daga cikinsu, Likita Turner, ya lura da abin nan da dattawanmu suka lura da shi: yaro ya warke a asibiti, in ya koma gida ya sake kamuwa. Ya ce lalle cutar ta mazauni ce. Da fari tankunan ruwan sama aka zarga, aka yi shekaru ana bin wannan sawu. Sai a 1904 abokin aikinsa, Likita Lockhart Gibson, wanda ya ke likitan ido ne, ya gano bakin zaren. Farin fentin da a ke shafa wa katakon baranda da dalma a ke yinsa. In rana ta gasa shi sai ya koma gari, ya manne a hannun yaro mai gumi, yaron kuma ya tsotsi yatsa ko ya ci farce. Fentin ma ɗan zaƙi gare shi, wanda ya ɗanɗana sai ya ƙara.

Gano abin bai sa an daina nan da nan ba, gama masu sayar da fenti ba su so. Sai a 1922 hukumar Kwinsland ta hana shafa shi inda hannun yara ke kaiwa. Amurka kuwa ba ta hana shi a gidajen zama ba sai 1978, shekara 74 bayan Gibson ya yi magana. A tsakanin nan har jakadiyarta a Italiya, Clare Boothe Luce, wadda ta kama aiki a Rum a 1953, ta sha wuyar irinsa. Ta yi ta ramewa, gashinta na zuba, ƙafarta na mutuwa, har aka yi zaton magabta ne ke ba ta guba. Da aka bincika sai aka tarar tsohon fentin rufin ɗakin kwananta ne, wanda aka haɗa da dalma da wata guba mai suna asanik, ya ke gari yana zubo mata, har cikin kofin da ta ke sha da safe.

To, kada mai karatu ya ce wannan duk sha'anin Turawa ne, mu da ke zaune cikin ginin ƙasa ba ruwanmu. Kwallin nan da iyayenmu mata ke sa wa jarirai, wanda waɗansu ke kira tozali, mafi yawan na dutse da a ke daka shi ma'adinin dalma ne. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. A 2011, a birnin Bostan na Amurka, aka auna jinin wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Nijeriya, aka ga dalma ta yi yawa. Aka duba ginin gidan ba a sami laifinsa ba. Da aka auna kwallin da a ke sa masa sai aka tarar fiye da kashi 82 cikin 100 nasa dalma ne. Aka daina sa masa, awon jininsa ya sauka. Haka kuma a wata unguwa ta Caroye, kusa da Dakar a ƙasar Sanagal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, domin iyayensu mata na kwaso ƙasar wurin da a ke fasa tsofaffin baturan mota, su kawo ta gida su tankaɗe, su fid da dalma su sayar. Shekara biyu bayan wannan sai abin ya faɗo wa Zamfara.

Akwai zinariya a ƙasar Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, da ta Bukkuyum, mutane kuma sun daɗe suna ɗan tonon ta da rani. Amma a 2009 kuɗin zinariya ya haura dala 1,000 ko wace oza a kasuwannin duniya, har labari ya kai ƙauyuka cewa abin da manomi zai samu a rami cikin 'yan kwanaki ya fi abin da gona za ta ba shi. Wa zai ga laifinsu? Maza suka shiga ramuka, suna fasa dutse suna cika buhuna. Sai aka yi rashin sa'a, jijiyar dutsen da suka tarar a wannan karo cike ta ke da dalma, ido kuwa ba ya rarrabewa.

Da a bakin rami aka yi aikin duka, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Amma dutsen gida aka kawo shi. Mata suna cikin gida, ba su fita, ga kuma aikin da za su sami na kansu. Sai aka kai musu har tsakar gida. A farfasa dutse da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa, irin wanda a ke niƙa dawa da gero da shi, ya mai da shi gari. Sa'an nan a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba, a shanya saura a ƙasa. Ƙura ta tashi ta sauka bisa daɓe, da tabarma, da bakin randa, da hatsin da aka shanya. Turmin da aka daka dutse da safe shi a ke surfe da shi da yamma. Wanda ya fi kowa kusa da wannan ƙasa kuwa shi ne yaro mai rarrafe, wanda kome ya samu baki ya ke kai shi.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Mutanen ƙauyukan sun ga haka, amma ba wanda ya kawo kome a ransa, don annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce. Sa'an nan yara suka fara. Yaro ya yi amai, ya yi lakwas, sai taune-taune, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Lokacin kuwa bazara ce, lokacin sanƙarau da ƙyanda, don haka kowa ya ɗauka su ne. A cikin watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda a ke yi wa laƙabi da Na-gari-na-kowa, suna zagayen neman sanƙarau, sai suka ji labarin ƙauyukan da yara ke ƙarewa. Suka je, suka ga ƙananan kaburbura sababbi jere. Suka ba da maganin zazzaɓin sauro, suka ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai suka lura duk ƙauyukan da abin ya tsananta ana niƙan dutse a cikinsu. Suka ɗebi jini suka aika da shi Turai, amsa ta komo cewa dalma ce.

A watan Mayu masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo, tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikin da suka yi ya ƙayatar da ni, domin aikin malamin haraji ne sak: suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, suna tambaya suna rubutawa. Yara nawa ne a gidan nan bara? Nawa suka rage? Yaya wanda ya rasu ya yi kafin ya cika? Ana niƙa dutse a nan ciki? Da aka haɗa lissafi sai aka ga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin ko wane huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi taune-taune kafin su cika. Wajen biyu cikin uku na gidajen ana aikin dutse a cikinsu. Akwai awon dalma a jini wanda in ya kai 45 likitoci ke cewa dole a ba da magani. Cikin yaran da aka auna, 97 cikin 100 sun kai haka ko sun wuce. Ɗan injin awon da aka zo da shi iyakarsa 65, yara da yawa sai dai ya nuna sun zarce abin da ya iya ƙirgawa. Ƙasar tsakar gida kuma, wadda a Amurka a lokacin in dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ke cewa ba ta dace yara su yi wasa a kai ba, a waɗansu gidajen an sami fiye da 100,000. Watau in ka ɗebi mudu goma na ƙasar, nauyin mudu guda dalma ne.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A nan kam mai ɗakin bai sani ba, sai da baƙo ya zo da ma'auni. Waɗansu ma da suka fara zato sun ɓoye yawan mamatansu, don tsoron kada hukuma ta hana su haƙar da ta fid da su daga talauci. An ƙiyasta yaran da suka rasu a Zamfara sun kai 400 ko fiye, dubbai kuma suka kamu.

Akwai magani, ƙwaya ce da ke kama dalma cikin jini ta fid da ita ta fitsari, aka kuma buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma likitoci suka ce ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi gidan da ya ba shi cutar. Gidan za a fara yi wa magani. Yadda aka yi kuwa shi ne, sarakuna da hakimai suka ba da umurni a fid da aikin dutse daga cikin gari. Sa'an nan wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics ya koya wa samarin ƙauyukan aikin. A fid da kayan ɗaki duka a wanke. A bi tsakar gida da fartanya a kankare ƙasar sama, kaurin wajen inci biyu, a zuba a buhuna, a kai bayan gari a binne cikin rami mai zurfi. A auna wurin. In da saura a ƙara kankarewa. Kana a kawo ƙasa mai tsabta daga wani wuri a shimfiɗa. Dareta da 'Yargalma aka fara yi wa a tsakiyar 2010, ana tsere da damina, don in ruwa ya sauka ba mota mai shiga. Daga baya aka yi wa Abare, da Tungar Guru, da Tungar Daji, da Sunke, da Duza, aka gama a farkon 2011. Duk inda aka sake ƙasa aka ba da magani, mutuwar yara ta ragu ƙwarai.

Bagega ce ta rage, ita ce kuwa ta fi su duka girma. Kuɗin aiki ya ƙare, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari, alkawari ya yi ta jan ƙafa. Yara wajen 1,500 suka zauna cikin gidajen nan suna jira, likitoci na kusa da su da magani a hannu, ba damar bayarwa. Sai da ƙungiyoyi da samarin ƙasar nan suka yi ta kuka a jaridu da rediyo da intanet, kana aka saki kuɗin a cikin Janairu na 2013, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Aka kankare Bagega a cikin shekaran nan, aka fara ba yaranta magani shekara uku bayan an san abin da ke cinsu.

Ko a ƙauyukan da aka gyara, waɗansu gidajen sun sake ɓaci, domin mahaƙi ya kan komo da yamma da ƙura a rigarsa da jikinsa, ya ɗauki ɗansa, wani kuma ya faki ido ya shigo da buhun dutse. Don haka aka shiga koya wa mahaƙa su riƙa jiƙa dutse kafin niƙa, su yi wanka su sake tufa a bakin aiki kafin su nufi gida. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Kagara, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, a ƙauyukan yankin Shikira, inda yara 28 suka rasu. Su ma dutsen zinariya suka kai tsakar gida, su ma sai da aka kankare musu ƙasa. Likitocin MSF sun zauna a Zamfara kusan shekara goma sha biyu, sa'an nan a 2022 suka miƙa aikin ga hukumomin jihar.